Mai Wankan Gawa Ta Je Yawon Buɗe Ido

A unguwar Rusaifa ta birnin Makka, ko wanda bai san fuskar Khala Asiya Kabo ba ya san jakarta. Baƙa ce mai hannu ɗaya, cikinta garin magarya da kafur da almakashi da mataji. In aka ga ta fito da ita tana jan ƙafa, sai mata su leƙo ta taga su ce, "Inna lillahi, yau kuma wa?" Shekara talatin da huɗu ke nan tana wanke gawar mata a magsala, wato ɗakin wankan gawa na sadaka da ke bayan masallacin unguwa.

Ta wanke 'yan unguwa, har da waɗanda suka yi wasan ƙasa tare a tsohuwar unguwarsu Nakkasa kafin a rushe musu tudun. Amma yawancinsu baƙi ne, matan da suka zo Hajji ko Umara da niyyar komawa gida, ajali ya ce a'a. In ta gama ɗaure likkafani takan dafa ƙafar mamaciya, ko 'yar wace ƙasa ce, ta ce mata da Hausa, "Kin dace, baiwar Allah. Salla a Harami, makwanci a Makka."

Maganar nan gado ce. Mahaifinta, Malam Tsoho, ya baro ƙasar Kano a ƙafa yana saurayi, ya yi ƙwadagon noma a Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, sai da ya shekara bakwai kafin ya sa Ka'aba a ido. Har ya rasu yana cewa bai sha wannan wuya don a binne nasa a wani gari ba. Asiya ta riƙe maganar gam. Madina kaɗai take zuwa da zuciya ɗaya, don mutuwa a can ma ba asara ba ce. Jidda kuwa, in biki ya kai ta, kafin la'asar ta fara laluben takalmi. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: kada mutuwa ta riske ta a wajen Makka, hannun da ba ta sani ba ya juya ta.

Ana haka sai ɗanta tilo, Abdulilah, mai shagon tabarau a unguwar Hindawiyya, ya zo da magana. Hutun kwana biyar ya shirya wa iyali zuwa Sarajevo, babban birnin Bosniya, kuma ƙafarsa ƙafarta.

"Ya ummi," in ji shi, "shekararki sittin da shida ba ki taɓa ganin kogi yana gudu ba."

"Na ga ambaliya a Nakkasa, ya waladi. Ta ishe ni."

Da matarsa Dalal da 'yarsu Manar suka ce in ba ta zuwa su ma sun fasa, sai ta ga za ta zama sanadin hana bayin Allah shan iska. Ta yarda, amma da sharaɗi. Ta zaunar da Abdulilah ta ce ya rantse, in ta mutu a can zai dawo da ita Makka ko ta halin ƙaƙa. Ya fara dariya, ya dubi fuskarta, dariyar ta koma ciki. Ya rantse. Ita kuma ta ninke likkafaninta da ta daɗe da wankewa da Zamzam, ta shimfiɗa shi a ƙasan akwati, ta danne da rigunan sanyi.

Gidan da suka kama a Sarajevo yana kan tudu, gidaje suna hawan kan juna, matakala ta ko'ina. Wannan kam ya yi mata, don ya tuna mata Nakkasa, sai dai nan kore ne shar. Sauran abubuwa kuwa sai a hankali. An kai ta tsohuwar kasuwa inda maƙera ke bugun tagulla, ta ce kanta na sarawa. An nuna mata tattabarun dandali, ta ce na Harami sun fi ƙiba. Keken igiya mai hawa dutse ma ko kallonsa ba ta yi ba. Duk inda ta juya kuma sai fararen duwatsun kabari a tsakiyar unguwa, sai ta kau da kai tana salati.

Abin da ya fi damun ta Abdulilah ne. Mutumin da ya yi wata uku yana ɗokin tafiya, ga shi ya zo bai kalli komai ba sai ita. In ta yi tari ya zabura. In ta tsaya hutawa ya ce, "Kin sha maganin? Mu je mustashfa likita ya duba ki?" Ta gane rantsuwar da ta ɗora masa ce ta hau masa wuya, abin ya sosa mata rai, amma ba ta da niyyar sauke ta.

Rana ta uku ta kore su, ta ce su je yawonsu ita za ta miƙe ƙafa. Da hantsi sai ga mai gidan, wata farar mata mai suna Senada, ta shigo da gahawa a ƙaramin tire. Larabcinta ɗingishi yake, a bakin baƙi ta tsince shi, amma ana ganewa. Ta tambaya ko daga Riyad suke.

"Makka," in ji Asiya.

Senada ta ajiye kofin hannunta a hankali. Ta ce mahaifiyarta ta tafi Hajji shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta rasu a Mina, aka binne ta can. Jakarta da tabaranta kawai aka dawo musu da su.

"Ta dace," in ji Asiya, don bakinta ya saba.

"Kowa haka yake ce mini, Khala, kuma na yarda. Amma wa ya wanke ta? Mamata mai kunya ce, ko ni ba na ganin kanta a buɗe. Ga ta da tsoron ruwan sanyi. Shekara goma sha ɗaya ina tunanin wannan, ban sami wanda zan tambaya ba."

Asiya ta wanke baƙi sun fi a ƙirga, tana taya su murna, bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa kowace ɗaya ta bar wata a gida da irin wannan tambaya. Kunya ta kama ta, ta gaske.

"'Yata," ta ce, "aikina ke nan. Ban ce ni na wanke ta ba, muna da yawa. Amma zan gaya miki yadda muke yi, kuma wallahi ba zan ƙara ko ɗaya ba."

Ta gaya mata. Ruwa mai ɗumi ne, sai an gwada shi a bayan hannu. Ana rufe ta da mayafi tun daga farko har ƙarshe, ta ƙarƙashinsa hannu ke aiki. A yi mata alwala, a fara da dama, a wanke da magarya, na ƙarshe da kafur. Kai kuwa a tallabe shi a tafin hannu, ba a barin sa ya bugu. A taje gashi a hankali, a yi masa kitso uku a kwantar a baya. Abin da ido ya gani kuma ba ya fita ɗakin har abada.

Senada ta kama hannuwan Asiya biyu ta kifa fuskarta a kai tana kuka. Asiya ta rasa inda za ta sa kanta. Ba a taɓa yi mata godiyar baƙuwa ba, don baƙuwa ba ta da mai godiya a Makka. Da kukan ya lafa, sai ta ji bakinta ya yi tambayar da ba ta shirya ba.

"To ku nan, wa ke wanke naku?"

Washegari iyali sun shirya zuwa ganin mafarin kogi, Asiya ta ce ita ma tana da wurin da take son gani, kuma Senada za ta kai su. Da motar ta tsaya a ƙofar maƙabarta, Dalal ta riƙe haɓa ta ce, "Ya Allah! Mutane na zuwa Turai ganin gidan tarihi, mu ɗakin gawa aka kawo mu."

Asiya ba ta kula ta ba. Ta bi Senada ciki. Mai wankan wata dattijuwa ce kakkaura, ta naɗe hannun riga, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya. Asiya ta shiga bincike kamar uwar miji a ɗakin girkin amarya. Ta murɗa famfo ta tara bayan hannu, ruwa da ɗumi. Ta shinshina kafur. Ta leƙa magudana, ta ɗaga mayafan rufi ta duba tsabtarsu. Sannan ta yi wa matar nuni ta gwada mata yadda take riƙe kai. Matar ta zura tafin hannu kamar a ƙarƙashin ƙeyar gawa, ta ɗaga a hankali, bakinta na motsi da addu'a. Haka Asiya ke yi, ba bambanci. A gashi kawai suka saɓa: su nan biyu suke raba shi, su kwantar a ƙirji.

Ta kama hannun matar ta juya shi. Fatar ta yi laushi saboda ruwa, faratan an yanke su ƙasa ƙasa, irin nata. Suka tsaya haka suna kallon juna, Asiya tana cewa alhamdu lillahi a fili, sau ba adadi. Wani abu da ya shekara hamsin zaune a ƙirjinta ta ji ya tashi.

Kada mai karatu ya tsorata, Asiya ba ta mutu a Sarajevo ba. Tana nan Rusaifa da ranta, tana faɗa da gwiwoyinta. Amma a ranar, da ta fito ta tarar da Abdulilah yana safa da marwa a bakin ƙofa da robar ruwa da maganinta a hannu, sai ta ce ya tsaya.

"Rantsuwar nan na sauke maka. Ni na ɗora, ni na sauke. In da kaffara, ni zan yi azumin."

"Ya ummi, lafiya? Wani abu ke miki ciwo?"

"Khalas, ya isa, ka saurare ni. Makka nake so, kuma ita nake roƙo. Amma in Allah Ya rubuta nan ne, kada ka sa ni a akwati kana yawo da ni filin jirgi. Ka miƙa ni ga matar can. Na ga hannunta. Kakanka ma da ajali ya tare shi a Sudan, da wasu bayin Allah sun rufa masa asiri."

Hawaye suka zubo wa Abdulilah, ƙato da shi, da furfura a gemu.

"Kai, share fuskarka, kada ka ba ni kunya a ƙasar mutane," in ji Asiya. Ta karɓi robar ruwan ta sha, ta miƙa masa. "Abu ɗaya dai za ka sa Senada ta gaya mata. Kitso uku nake so, a baya. Kada ta raba mini biyu."