Kyanwar da Ke Tayar da Ni Daga Tabarma

Shekarar da kamfanin kuza ya sallame mu, zaman gida na koma yi a Anguwan Rogo. Na je kasuwar Katako neman ko da dakon katako ne, suka dubi furfurata suka ce in dawo gobe. Na gaji da goben nan tasu. Sai na shimfiɗa tabarma a ɗaki, rediyo a kunne, bargo a ƙafa, ba abin da ke tayar da ni sai salla.

Muna da wata kyanwa mai roɗi-roɗi da matata ta samo saboda ɓeraye. A wannan zaman nawa ne ta tsiro da sabon hali. Sai ta haye kanta inda matata ta jera kwanukanta, ta sa hannu ta tura abu. Ba ta gaggawa. Ta tura kaɗan, ta dakata, ta ƙara, har ya faɗo. Yau murfin kwano, gobe gwangwanin hoda. Ran da ta fasa farantin tangaran ɗaya tilo da muke da shi, matata ta ɗauko buhu.

"Maigida, ka kai ta bayan unguwar Rikkos ka saki, ko ni in kai ta."

"Ki bari in gano abin da ke sa ta tukuna."

"Sai ka ce likita! Aljanu ne da ita."

"Ki ba ni zuwa Juma'a."

Ni dai ban yi nisa a boko ba, amma ina da ido. Na ce ko yunwa ce, na cika mata ciki. Ta lashe baki ta haye ta tura. Na ce ko ɓera take zaton murfin, to wace kyanwa ce ke farauta tana hamma? Na ɗora mata kwalbar kuzar da na taho da ita daga wurin aiki, mai nauyin tsiya. Ta shinshina, ta gwada, ta bar mini abina ta koma kan murfi.

Sai na lura in na tafi masallaci, ba abin da ke faɗuwa. Kuma kafin ta tura, ni take kallo. Ran Alhamis na juya fuskata bango, na yi lamo. Na ji murfi ya motsa, ƙiii, ya tsaya. Shiru. Can ta yi kuka, ta diro ta zauna a gadon bayana.

Ashe ni ne. Duk abin da ya faɗo, sai in zabura in bi ta tsakar gida ina zagi, ita kuwa tana gaba da wutsiya a sama. Wasa take nema, ni kuma ga ni a banza.

Da na gaya wa matata, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni wata nawa ina magana ba ka motsa ba? Ashe murfin kwano ya fi ni baki!"

Ta naɗe buhun. Ta kwashe abin da ke fashewa ta zuba a akwati, ta jera gwangwanayen madara a bakin kantar.

Kamfanin da na ƙarar da ƙuruciyata a raminsa bai taɓa aiko a duba ko ina numfashi ba. Kyanwa ce ta damu in tashi. Abu ɗaya ne har yau ban gane ba: in abu ya faɗo, sai ta leƙa ƙasa ta yi ta kallonsa, kamar ba ita ta tura ba.