Goyon Takardu

Na fake wa ruwan sama a wani shagon fotokofi a unguwar New Bell, sai ga wata dattijuwa da goyo a baya, hijabinta sharkaf, tana dariya ita kaɗai. Ta kwance zanin goyon. Ashe ba jariri ba ne, takardu ne cikin leda ninki uku. Hausarta irin ta mutanen Bangui ce. Ina jin yaƙi ne ya koro ta.

Da hannu biyu take miƙa wa mai shagon takarda guda. "Ɗana, goma za ka yi mini. Kada ka taɓa hatimin."

Yana karantawa, yana sosa ƙeya. "Mama, ai ba katin 'yan gudun hijira aka ba ki ba. Kotu ta dai soke hana ki da aka yi, ta ce a sake duba maganarki."

"Na sani! Shekara huɗu ina ba ma'aikata labarina suna duban agogo. Yau alƙali ya ce dole a zauna a ji ni."

Ta mayar da goyonta, ta ɗaure tamau, ta fita cikin ruwan tana jijjiga shi.