Linzami Mai Harshe

Guduma ake ce masa a layinmu. Keken doki gare shi, yana jigilar bulo da yashi zuwa inda ake gine-gine, kuma hanyarsa ta bi ta gangaren da ke ƙofar gidana. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. A wurin ubansa ya gaji sana'ar, ya gaji dukan dabba tare da ita. Na sha ganin ya sauko ya naushi doki a hanci, ya koma ya zauna kamar bai yi komai ba.

Linzaminsa irin na hawa ne, mai harshen ƙarfe da ke sokar doki a ganɗa. Mahayi da yatsu biyu yake riƙe irin wannan. Shi kuwa daga kan keke yake fizgarsa da doguwar igiya, iya ƙarfinsa. Kumfar bakin dokinsa kullum ja ce. Abin da ba ya sa wa dokin shi ne maɗaurin baya, faffaɗar fatar da ke zagaye cinyoyi ta tare nauyin keke a gangare. In an yi masa magana sai ya ce, "Wannan ai kwalliya ce. Ni birkina yana bakinsa."

'Yata ma'aikaciyar jinya ce. Wata safiya ta fito za ta wurin aiki, Guduma yana saukowa da bulo. Nauyin ya turo keken, katakon gaba ya bugi dokin a ƙafafun baya, ya zabura. Guduma ya fizgi linzami, ƙarfen ya tsaga bakin har kumatu, dokin ya ƙara gudu. Sandar keken ta sami 'yata a ƙirji, taya ta bi ta kanta. Da na fito, takalminta ɗaya na fara gani. Ta cika kafin a sa ta a mota.

Mutanen layi suka rufe Guduma da jifa da bulon da ya ɗauko. Ina riƙe da kan 'yata, ina jin ƙarar da ƙashi yake yi. Sun karya masa muƙamuƙi, haƙoransa suka zube a kwalta. Dokin ya karye a ƙafa, a nan aka yanka shi.

Bayan ya warke, na ji an ce ya sami wani doki. 'Yata ta bar min jikoki biyu, kuma wannan gangaren suke tsallakawa. Don haka ranar da aka ce ya nufi shagon baduku sayen kayan doki, na bi shi.

Shagon ƙarami ne, warin fata da mai ya cika shi, sirdi da ragama rataye har rufi. Na zauna a bencin aiki. Guduma ya gan ni, ya sunkuyar da kai.

"A'a, Guduma! Ashe ba su ƙarasa ka ba?" in ji baduku. "Me za a ba ka, linzami ko haƙora?"

"Linzami," ya ce. Maganar da ƙyar take fita, ta gefen baki.

Baduku ya zube masa a kan tabarma: masu santsi irin na jan kaya, da mai harshe. Guduma ya miƙa hannu ya ɗauki mai harshe.

"Kai dai ɗan banza ne," in ji baduku. "Gaban uban yarinya?"

Wuƙar yankan fata tana kusa da cinyata. Na dube ta.

Guduma ya ɗaura igiya a zoben linzamin, ya durƙusa gabana. Ya buɗe bakin nan da ba haƙora, ya cusa ƙarfen. Sannan ya miƙo min igiyar. Sai da ya maimaita na gane abin da yake cewa.

"Baba, ja."

"Malam, rabu da mahaukaci," in ji baduku.

Na naɗe igiyar a hannu yadda na saba ganin yana yi. Na ja sau ɗaya, ban rage ƙarfi ba. Kansa ya yi baya, ya saki wani gurnani, jini ya gangaro masa ta haɓa zuwa riga. Ya daɗe a durƙushe, yana dafe da ƙasa. Da ya zare ƙarfen, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar kan tabarma.

"Ka ɓata min kaya da miyau, wa zai saya?" in ji baduku.

Guduma ya nuna mai santsi. Ya ɗaga kai ya nuna maɗaurin baya, mafi faɗi a cikinsu. Baduku ya sauko da shi, bai ƙara tsokanarsa ba.

Har yau yana bi ta ƙofar gidana. In ya kawo kan gangaren yakan sauko, ya kama dokin a ragama, su taka tare. Zagi bai daina ba, uwa da uba yake haɗa wa dokin. Ba ma gaisawa. Nakan tsaya a ƙofa in riƙe hannun jikokina har ya wuce, ina duban bakin dokin. Kumfar fara ce.