Mutuwar da Na Yi a Sharaɗa

Na taɓa mutuwa sau ɗaya a Sharaɗa, da rana tsaka, da izinin manaja. Har yau idan sanyi ya sauko haƙarƙarina na hagu yakan tuna mini.

A lokacin ina aiki a sashen rini na wata masaƙa a nan Sharaɗa, unguwar masana'antu ta Kano, farkon zamanin da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Masaƙa ce mai cin nama. Idan ka shiga inda muke cin abinci ka ce kowa ya ɗaga hannu, sai ka zagaye teburi guda kafin ka haɗa yatsun mutum ɗaya cikakku. To, na ɗan ƙara gishiri, amma ba da yawa ba. A gabana bel ɗin inji ya fizgi hannun wani mai saƙa ya murɗe shi kamar ana matse tsumma, ƙashi ya fito fari tas, jini yana tsartuwa har kan zaren da ake saƙawa. Mu kuma taimakon da muka sani shi ne wani ya zuba masa ƙasa, wani ya zuba baƙin mai, saura suka kewaye shi suna salati. Kafin a sami mota jininsa ya ƙare.

Bayan wannan ne kamfani ya kawo wani injiniya, siriri mai tabarau, wanda ba gyaran inji ne aikinsa ba. Shi aikinsa ya gano abin da zai ƙi aiki a ranar da ake buƙatarsa. Sai ka ga ya zare wata waya ya koma gefe yana kallo, wai yana so ya ga wa zai lura. Aka haɗa shi da Sista mai kula da ɗakin shan maganinmu, wata dattijuwa mai murya kamar ta sajan. Ita kuma ta zo da wani mutumin roba daga Turai, kai da ƙirji kawai, babu ƙafa babu hannu, bakinsa a buɗe kullum kamar an faɗa masa farashin rago. Muka sa masa Alhajin roba.

A kan Alhajin roba aka koya wa mutum bibbiyu daga kowane sashe yadda ake ɗaure rauni, da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Akwai wani ƙarfe a cikin ƙirjin, idan ka danna yadda ya kamata sai ya ce ƙas. Sista ta maimaita musu har ya zauna a kansu: in ba ka ji ƙas ba, ba ka yi komai ba. Wanda ya fi kowa ƙwarewa ɗan baffana ne, Yaya nake ce masa, tsohon ɗan dambe mai ɗaukar dilar auduga. Hannunsa ɗaya ya isa ya rufe rijiya.

Sai injiniya ya ce roba ba ta ihu, ba ta jini, don haka bai san abin da mutane za su yi ba idan abu ya faru da gaske. Yana so a shirya haɗarin ƙarya ba tare da kowa ya sani ba. Ya kira ni ofis saboda sunana ya fita wajen shaƙiyanci, ya kira direban babbar motarmu mai kawo auduga.

Direban nan Badamagare ne, ya girme ni, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Kullum da safe in ya gan ni sai ya leƙo ta taga ya ce, "Bawana, ka kwana? Matsa kusa in take ka, in rage wa Kano baki ɗaya." Ni kuma in ce, "Allah ya ja zamanin Baba, an bar jaki an hau mota, amma har yau da sanda ake tuƙi." A yi dariya, ya jefo mini goro. Shekara da shekaru haka muke.

Sista ba ta so abin ba. Ta ce, "Injiniya, ka sanar da mutane ko da a fakaice. Ba ka san su ba."

Ya ce, "In na sanar, ai wasan kwaikwayo zan gani, ba gaskiya ba."

Ni ma na sa baki, na ce, "Ranka ya daɗe, bar ni da su. Zan mutu mutuwar da har mai wanka sai ya zo."

Ƙa'idar da aka ba ni ɗaya ce: kada in motsa, kada in buɗe ido, sai na ji usur. Sista za ta zauna a ɗakinta har labari ya iske ta, don a ga ta wace hanya zai zo. Direba kuma zai nuna ya ruɗe.

Aka zaɓi lokacin canjin aiki, bayan azahar, lokacin da masu fita da masu shiga suke cakuɗewa a bakin ƙofa, masu tuwo da masu fura suna jere a jikin katanga. Da safen ranar ma sai da ya yi mini barazanarsa ta kullum a gaban jama'a, har ya ƙara da cewa yau ce ranar. Na haɗa jan rini da ɗan koko don ya yi kauri, na cika leda na sa a cikin riga. Motar ta taho a hankali, na gifta, ya taka burki da ƙara, na bugi gefenta da tafin hannu, na fasa ledar, na zube a gindin taya.

Wallahi na yi kyau. Na ji wata mai tuwo ta kurma ihu, na ji kwano ya faɗi. Shi kuma Baba, maimakon ya ɗan ruɗe kamar yadda aka ce, sai ya ga ba zai bar Bakano ya fi shi iya wasa ba. Ya diro ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Na kashe shi! Na kashe shi!" Sannan ya yi abin da babu wanda ya sa shi: ya ruga a guje.

Na ji wani ya ce, "Da gangan ne! Da safe ya faɗa!" Wani ya ce, "A kama shi!" Ƙasa ta ɗauki rugugin ƙafafu. Ni ina kwance ido a rufe ina ta murna a zuciyata, ina cewa yau injiniya zai sami abin da yake nema. Ban san abin da ke faruwa ba. Daga baya na ji cewa maigadi ya danna jiniya ta ƙi, ya ɗauki wayar da ke haɗe da ɗakin Sista ya ji ta mutu tun damina. Injiniya yana ta hura usur, amma usur a cikin wannan hayaniya kamar kukan sauro ne a gidan biki. Ni dai ban ji ba.

Sai na ji inuwa ta rufe ni, na ji warin auduga da gumi. Yaya ne. Yana kuka kamar sa, yana cewa, "Ƙanena, me zan faɗa wa Inna?" Ya yage mini riga, ya ɗora hannayen nan biyu a ƙirjina. Na ce a raina, yanzu zai saurari numfashi kamar yadda aka koya masa, ya gane. Ina! Wannan darasin ya gudu. Abu ɗaya ya rage a kansa. Ya danna, na ji hanjina ya leƙo maƙogwaro. Bai ji abin da yake nema ba. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya sake dannawa da dukkan nauyin kakanninmu.

Ƙas.

Ihun da na yi, na tabbata an ji shi har Bompai, can ɗaya gefen gari. Na miƙe zaune. Waɗanda suka kewaye ni suka watse, wani malami mai yi mini addu'a ya bar takalmansa, Yaya ya faɗi da baya yana cewa, "Ta yi aiki! Wallahi ta yi aiki!"

A nan dariya ta ƙare. Can jikin katangar ma'ajiyar auduga na hango taro ya dunƙule, hannaye suna tashi suna sauka. Na ga ƙugiyar jan dila. Na ga wani ya ɗaga bulo da hannu biyu. Injiniya yana bayansu yana jan riguna, wani ya juyo ya kai masa gwiwar hannu a fuska, tabarau ya tarwatse, ya zauna a ƙasa hanci yana zuba.

Na tashi. Kowane taku kamar ana soka mini wuƙa a gefe, numfashi ya ƙi shiga. Ina so in ce wasa ne, murya ba ta fita. Na kutsa ta tsakanin ƙafafu. Baba yana kwance a dunƙule, ya kare kansa da hannu, hannun ya karye ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Fuskarsa ba fuska ba ce. Mutanen da ke dukansa mutanen da yake ɗauka kyauta ne zuwa bakin titi, waɗanda suka ci goronsa da safe. Wani yana tattaka masa ciki yana kiran sunana, wai fansata yake ɗauka.

Na faɗa a kansa na rufe shi. Sanda ɗaya ta same ni a gadon baya kafin mai ita ya ga ko wane ne. Na juyo da fuskata, ja jawur, na ce da ɗan abin da ya rage mini na murya, "Ga ni nan, 'yan banza. Wa ya mutu?"

Mai bulo ya sake shi a kan ƙafarsa. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injuna daga ciki, waɗanda ba su tsaya ba ko na ƙiftawar ido.

Wata mai fura ce ta ruga da ƙafa ta kira Sista. Da ta iso ba ta yi wa kowa faɗa ba. Matsalarta ita ce na shafe Baba da rini, ba a gane inda jinin gaske yake fita. Ta sa aka kwara masa ruwa, rini ya wanke, sai ga wani wuri a gefen kansa yana bulbulowa baƙi-baƙi. Ta waiga ta ce, "Ina ɗalibaina?" Uku suka fito, ɗaya daga cikinsu da sanda a hannu bai ma san yana riƙe da ita ba. Ta ce, "Ajiye wannan, kama ƙafafu." Ta kama hannun Yaya ta ɗora a kan raunin. "Danna nan. Ba na son in ji ƙas. Ka riƙe kawai, ko duniya za ta tashi kada ka ɗaga."

Motar asibitin kamfani tana nan a rumfarta, fes da ita, amma an ari batirinta an sa wa wata motar. Makullin ɗakin da gadon ɗaukar majinyaci yake yana aljihun wanda ya tafi hutu. Aka ciro ƙyauren ofishin maigadi aka ɗora Baba, aka sa shi a bayan motarsa, a kan auduga. Sai kuma aka tsaya ana kallon juna, domin mai tuƙa ta shi ne a kwance. Injiniya ya share hanci da hannun riga, ya hau. Bai taɓa tuƙa abin da ya fi ƙaramar motarsa ba, kuma ba ya gani sosai. Ya tafi da rabin ƙofar kamfani, ya bi ta kan teburin mai shayi, amma ya kai mu.

Duk hanyar nan ina kwance kusa da Baba, kowane rami sai na ga taurari. Auduga tana shan jininsa tana yin ja. Yaya yana durƙushe, hannunsa bai motsa ba, hawaye suna ɗiga a kan hannun. Likita ya ce da an ɗaga hannun nan a hanya, da gawa aka kawo masa. Sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, sun sandare.

Baba ya rayu. Idonsa na hagu ya tafi, hannun kuma bai sake riƙe sitiyari ba, aka mai da shi mai kula da fitar motoci. Injiniya ya ci gaba da shirya haɗarinsa na ƙarya, amma sai an yi shela tun ana gobe, kuma wanda zai mutu sai an rataya masa ƙyalle kore a wuya. Ba a sake gayyatata ba.

A asibiti gadona yana kusa da nasa. Ya daɗe bai farka ba, ni kuma ba na iya dariya ko tari, wanda a wurina ya fi karayar ciwo. Ranar da ya buɗe idon da ya rage, ya juyo a hankali ya daɗe yana kallona. Na shirya jin kowace irin magana. Leɓɓansa a kumbure, da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Bawana, kai ko mutuwa ba ka iya ba."

Na ce, "Baba, kada ka ba ni dariya, don Allah."

Ya ce, "Matso da gadonka kusa. Ƙafata dai lafiyarta lau, zan take ka."