Telan da Ya Koma Auna Tumbin Mutanen Gari

Babanmu tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin hanyar kasuwa: keken ɗinki na ƙafa kusa da taga, benci na baƙi, sai igiya daga bango zuwa bango inda yake rataye kayan da ya gama. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, har Innarmu takan ce da shi aka haife shi. Mutum ne mai fara'a, mai son hira, mai son zaƙi kamar kiyashi. In zai sha shayi sai cokali ya kusa tsayawa a kofi don yawan suga. Da rana kuma abokinsa mai kanti, wanda shagonsu ke kallon juna, zai tsallako da kwalaben lemo masu sanyi su zauna a bencin nan suna gyara duniya.

Abin ya faro ne daga Baffa, yayan Baba, direban babbar mota. Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da matarsa ta ga jini a takalmi. Miki ya ƙi warkewa. Aka yi na gida, aka yi na kemis, ƙafa sai baƙi take yi. Da aka kai shi babban asibiti aka ce ciwon suga ne ya daɗe yana cinsa ba a sani ba. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Baba ne ya yi jinyarsa, shi ne kuma da hannunsa ya naɗe ƙafar wandunan Baffa ya ɗinke su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a shagon ranar, ina kallonsa har ya gama.

Ba a daɗe ba wata malamar asibiti ta fara zuwa ƙauyenmu a kan babur duk ranar kasuwa. Takan kafa tebur a ƙarƙashin bishiyar da ke kusa da rijiya, ta ɗan huda yatsa ta ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Mutane sai su tsaya daga nesa suna kallo, wasu na cewa wa zai je neman ciwon da bai neme shi ba. Baba ya rufe shago ya je ya miƙa yatsa.

Malamar ta duba ta ce, "Baba, ciwon bai kama ka ba tukuna, amma yana bakin ƙofa yana sallama."

"To in ban amsa ba fa?"

Ta yi dariya. "Sai ya juya. Ka rage suga da lemon kwalba, ka ƙara ganye a abinci, ka rage tulin da kake ci, ka riƙa tafiya da ƙafa. Ina ka ajiye wannan tumbin kake ɗinki?"

Ya dawo gida ya ce wa Inna daga yau shayinsa babu suga. Ta haɗa masa. Ya kurɓa, ya yamutse fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Wannan ai ruwan wanke tukunya ne."

"Maigida, kai ka ce," in ji Inna. "In kawo sugan ne?"

Ya kalli kofin, ya kalli ƙofar ɗakin da Baffa ke kwance. Ya shanye.

Bai sha da daɗi ba. Akwai ranakun da muka kama shi yana leƙa gwangwanin suga kamar mai gaida tsohon aboki. Amma ya dage. Kullum da sassafe zai taka har gadar da ke bayan gonaki ya dawo kafin ya buɗe shago. Da farko har dariya ake yi masa, ana cewa tela ya ɓatar da allura ne yake nema a hanya. Inna ta shuka alayyafo da kuɓewa a bayan ɗaki, kwanon Baba ya ragu, ganye ya ƙaru. Kafin shekara ta zagayo sai da ya rage wa kansa wanduna, malamar kuma ta ce jininsa ya koma daidai.

Ita ce ta nemi ya taimaka mata. Ta ce ita sau ɗaya take zuwa a mako, shi kuwa duk gari sai sun tsaya a gabansa sun ɗaga hannuwa. Aka kai shi asibitin gunduma tare da wasu masu sa kai aka koya musu alamomin ciwon da yadda ake yi wa mutane bayani. Abin da ya fi burge shi dabarar zare ce: a auna tsawon mutum da zare, a ninka shi biyu, a zagaya ƙugu. In bakin zaren bai haɗu ba, to mutum ya je a duba jininsa.

Daga nan fa shagon Baba ya zama wani abu dabam. Ka kawo yadi a ɗinka maka riga, ka fita da shawara. Mahauci ya zo a buɗa masa wando, Baba ya zagaya masa zare, ya rage kusan tafin hannu bai haɗu ba.

"Zarenka ne gajere," in ji mahauci.

"Tsawonka ne, ni ban ƙara ban rage ba. Ran kasuwa ka je wurin malama, in ka dawo ka karɓi wandonka."

Mata kuwa Inna ya koya wa, ita take auna su a tsakar gida ana shewa. Wasu sun ji haushi sun kai ɗinkinsu wani wuri. Baba bai damu ba, yakan ce gaskiya ɗaci gare ta, kamar shayinsa. Sannu a hankali masu tafiyar safe suka ƙaru. Mahauci ya shiga, mai gyaran babur ya shiga, har da wani tsohon malamin makaranta da ke zuwa da sandarsa yana ba su labarin duniya a hanya.

Wanda ya fi kowa fushi shi ne amininsa mai kanti. Cinikin lemo ya ja baya, kuma kowa ya san dalili. Wata rana ya tsaya a ƙofar kantinsa ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Tela, ka tsaya a allurarka! Yaushe ka zama likita? So kake ka kashe min kasuwa?"

"Ni ban hana kowa saye ba, aboki. Na dai ce kada a mai da shi ruwan sha."

Daga ranar mai kanti ya daina tsallakowa. Gaisuwa ma sai ta ɗaga hannu. Abin ya dami Baba ƙwarai, don tare suka tashi tun suna yara, amma bai fasa ba.

Aka ɗauki watanni a haka. Rannan ina taya Baba saka maɓalli sai ga mai kanti ya shigo da wanduna a hannu, yana wani murmushin nasara. Ya zube su a kan teburi.

"A rage min ƙugu. Ka gani? Ban bi ku yawon safe ba, ban bar lemona ba, ga shi tumbi ya tafi da kansa."

Baba bai yi dariya ba. Ya dube shi da kyau. Wuya ya zabge, leɓe a bushe.

"Kana yawan jin ƙishi?"

"Zafi ake yi."

"Fitsari fa? Yana hana ka barci?"

Murmushin mai kanti ya gushe. Can ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya min. Ramar da ba a nema ba, ba abin murna ba ce. Rufe kantin mu tafi."

"Ran kasuwa zan je wurin malamar taku."

"Ba za mu jira ran kasuwa ba. Na riga na naɗe wandon ɗan'uwana, ba zan naɗe naka ba."

Ya ari babur ɗin maƙwabci ya goya shi har asibitin gunduma. Sugan ya hau sosai, sai da aka kwantar da shi kwana biyu. Likita ya ce sun zo a kan gaɓa. Aka ɗora shi a kan magani, kuma har yau yana takawa da ƙafafunsa biyu. Bai taɓa ba Baba haƙuri da baki ba, irinsu ba sa yi. Sai dai wata safiya aka gan shi a bayan masu tafiya yana haki yana mita, wai wa ya kai gadar nan nesa haka. Lemo bai bar kantinsa ba, amma ya ƙara da gyaɗa da ƙwai da 'ya'yan itace, kuma in dattijo ya zo sayen kwalba ta biyu yakan ce, "Tela ya auna ka kuwa?"

Bara asibitin gunduma suka gayyaci Baba ya yi wa sababbin masu sa kai magana. Ni na raka shi. Duk hanya yana cewa shi da bai yi boko mai zurfi ba me zai faɗa wa masu takarda. Da ya miƙe a gaban ajin, ya gyara tef ɗin da ke wuyansa. Sai ya ce kada su fara da tsoratarwa, su fara da tambayar mutum iyalinsa, su kuma yi haƙuri da wanda ya zage su, don sau da yawa tsoro ne ke magana. Ya faɗi nasa, suka yi ta tambaya har lokaci ya ƙure ba su bar shi ya zauna ba.

Da muka fito wata yarinya cikin ɗaliban ta biyo ni ta ce, "Don Allah, mahaifinki ne?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, ni ce 'yarsa ta fari."

Baba na can gaba yana sauri, wai akwai kayan makarantar yaran mahauci da ya yi alkawarin gamawa kafin magariba.