Ranar da Yatsan Maigidana Ya Ƙi Motsi

A lokacin ni matar mai ɗinkin hula ce a unguwar Runjin Sambo, ga saurin kuka, ga saurin gaskata duk abin da na ji a asibiti. Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun da yake riƙe allura da shi ya kwanta. Aka sa shi cikin wani bincike, inda ake ɗora masa na'ura mai maganaɗisu a ka. Idan ta yi ƙas, in har hanyar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da hannu tana da rai, sai babban yatsa ya zabura. Wata likita da ta daɗe a aikin ce ta fara auna shi. Yatsan ya motsa. Malam ya yi dariya da rabin baki, ya ce yatsan da ya ƙi jin maganata ga shi yana yi wa baƙuwa biyayya. Muka dawo gida ina rungume da hannun nan kamar jariri.

Da muka koma likitar ta yi tafiya, wani matashi sabon hannu ya karɓe mu. Ya yi ta yawo da na'urar a kan Malam, har gumi ya keto masa, yatsa shiru. Ya ce yau bai samu komai ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma mu abin da muka ji shi ne hannu ya mutu. Malam ya ajiye ƙwallon robar da yake matsawa, ya daina zuwa motsa jiki, ya ce in kyautar da zarensa. Ni kuma tausayi ya hana ni takura masa.

Sai da damina ta wuce likitar ta sa aka nemo mu. Ta laluba kansa a natse, ta ɗan karkata na'urar, yatsa ya zabura. Ta ce wurin da ake nema a kan ɗan mitsitsi ne, da an kauce ko hannun mai awo ya yi rawa sakamako ya canza, ita ma tana sabuwa ta sha rasa shi. Na yi murna, na yi kuka, don yatsun sun riga sun ƙage a zaman da muka yi.

Ban riƙe matashin a raina ba, koyo yake. Amma don Allah 'yan'uwa, awo ɗaya kada ya karya muku zuciya. Ku tambayi wanda ya auna ko ya daɗe yana yi, ku roƙi a maimaita, kada ku bar motsa jiki. Yau Malam yana ɗaga kofin shayi da hannun, allura kuwa sai kallo. Zaren nan ban kyautar ba, yana cikin adakata.