Gambo Magini da Barandar Ya Kaka

Gambo Magini ɗan unguwar Koki ne, a nan aka haife shi, a nan ya tsufa. Ubansa magini ne na gaske, in ya jera azara ya rufe ɗaki sai jikoki su gaje shi bai motsa ba. Abin da Gambo ya gada a duk sana'ar shi ne yaɓe. A wurinsa babu ciwon ginin da laka ba ta warkarwa. Bango ya tsage, a yaɓe. Soro yana yoyo, a yaɓe. Ina jin da za ka kai masa ciwon haƙori, cewa zai yi a kwaɓa ƙasa. Ni maƙwabcinsa ne, kuma har yau raina yana ɓaci in na tuna aikin da ya yi a gidan Alhaji Bukar.

Alhaji Bukar falke ne, kakanninsa daga Barno suka zo. Mahaifiyarsa, Ya Kaka, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, gidan kuma dogayen katangu sun matse shi, rana ba ta sauka tsakar gida sai azahar. In sanyi ya shigo, tsohuwar ba ta da magani sai hantsi. Shi ya sa Alhaji ya ɗauko wani kafinta Ibo daga Sabon Gari, ya yi mata baranda ta katako a bayan gida, sama da katangar gabas, da 'yar matakala. Kafintan ya ɗora ginshiƙan a kan duwatsu, bai bari sun taɓa ƙasa ba, ya kuma bar rata tsakanin katakon da bango. Kullum da safe Ya Kaka tana can sama da carbinta, ta miƙe ƙafa. Ba ta taɓa riƙe sunan kafintan ba, "yaron nan mai guduma" take ce masa.

Sai rikicin sittin da shida ya zo. Sabon Gari ta watse, wasu suka samu jirgin ƙasa, wasu ko tasha ba su kai ba. Babu wanda ya san a cikin waɗanne kafintan yake. Gambo dai ya dawo unguwa da akwatin kayan aiki a ka, ya ce a hanya ya tsinta. Mutane da yawa sun yi tsintuwa a makon nan. Kafin ka ce me, ya maƙala fensir a kunne, ya soke guduma a ɗamara, ya koma Gambo Injiniya.

Ana tsakiyar yaƙin basasa barandar ta fara ƙara in an taka ta. Ƙusa ce ta saki, amma kafinta ya yi wuya a gari, sai Alhaji ya kira Gambo. Ya zo ya zagaya, ya leƙa ƙasa, ya girgiza kai.

"Alhaji, ai ba a gama aikin nan ba," in ji shi. "Dubi ginshiƙai tsirara, iska tana shiga ta ko'ina. Sanyi ne yake cin katakon. Mutanen nan sun iya ƙwanƙwasa, amma ba su san rufa asirin gini ba."

Siminti ya ɓace a kasuwa saboda yaƙi, wannan kuwa ya yi wa Gambo daidai. Ya binne duwatsun da laka, ya yaɓe ginshiƙan har sama, ya cike ratar da ke jikin bango. Ya kuma shimfiɗa ƙasa mai kauri a kan katakon, wai don kada sanyi ya kama ƙafar tsohuwa. Ya shafe da makuba, ya yi zane. Gaskiya ta yi kyau, har daga unguwar Madabo aka zo kallo. Ya Kaka kaɗai ta ce, "A da tana yi mini magana in na hau. Yanzu ta yi shiru."

Gara kuwa ta samu rufaffiyar hanya daga ƙasa har katako, ba mai ganinta. Damina ta jiƙa lakar ta ƙara nauyi. Da tsaga ta bayyana, Gambo ya zo ya ƙara yaɓe.

Da sanyi ya dawo, wata safiya Ya Kaka ta hau shan hantsi, barandar ta rufta da ita. Ginshiƙan da aka tono sun zama gari, da hannu ake murje su. Ƙugunta ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa, amma ba ta sake tashi ba. Aka kwantar da ita a ɗakinta, inda rana ba ta leƙawa. Na je gaishe ta, na ga tana bin ɗan hasken bakin ƙofa da ido, na ji kamar in yi kuka.

Ina zaune Gambo ya shigo dubiya, da fensir da guduma. Ya durƙusa ya yi sannu, ya ce ƙaddara ce, kuma dama katakon Kudu ba ya jure sanyinmu. Ya Kaka ba ta dubi fuskarsa ba. Gudumar take kallo, mai jar waya naɗe a ƙota.

"Gambo, matso," ta ce. "Na san gudumar nan."

"Tsintar ta na yi, Ya Kaka."

"To, ka koma inda ka tsince ta, ka tsinto mini hannun da yake riƙe ta."

Gambo ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Ya Kaka ta rasu kafin sanyin ya wuce, ba ta sake shan hantsi ba. Gambo ne ya yaɓe kabarin.